Na gyara karkacewar hoton fMRI, sai gaban ƙwaƙwalwa ya ƙara lotsawa

Maryam:
Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina neman taimako, kwana huɗu ke nan abin nan ya hana ni sakat. Ina aiki da hotunan fMRI, wato hotunan MRI masu nuna aikin ƙwaƙwalwa, na mutum 34, an ɗauke su a na'ura mai ƙarfin maganaɗisu Tesla 3. Binciken a kan yadda mutum ke yin zaɓi ne idan an sa masa lada a gaba, saboda haka wurin da na fi damuwa da shi shi ne ƙasan gaban ƙwaƙwalwa, daidai bisa kwarmin ido. Kowa yana da taswirar filin maganaɗisu, wadda ake gyara karkacewar hoto da ita, irin mai eko biyu, wato ana karanta sigina sau biyu, na farko a milisakan 4.92, na biyu a 7.38. Na jera komai bisa tsarin jera fayiloli na BIDS, na ba fMRIPrep, manhajar da ke shirya hotuna kafin nazari. Da rahoto ya fito na buɗe hoton nan mai nuna kafin gyara da bayan gyara, wanda ake zana iyakar farin ɓangaren ƙwaƙwalwa a kansa. Kafin gyara goshin ƙwaƙwalwar ya ɗan lotsa ciki, bai kai layin ba. Bayan gyara, maimakon ya fito ya cika layin, sai ya ƙara lotsawa, kamar an sa babban yatsa an danna. Kuma duk 34 ɗin haka suke. Ni na yi kuskure, ko taswirar ce ba ta da kyau? Ko in haƙura da gyaran gaba ɗaya?

Usman:
Wa alaikumus salam Yaya Maryam. Tunda duka ne, kuma duk gefe ɗaya suka yi, da wuya a ce taswirar ce. Da ita ce ta lalace da kin ga wasu sun gyaru wasu sun ƙi. Turo mana abin da ke cikin JSON, fayil ɗin bayanin saiti, na hoton BOLD, wato hoton fMRI ɗin: PhaseEncodingDirection, EffectiveEchoSpacing da TotalReadoutTime. Sannan wa ya rubuta fayil ɗin, manhajar dcm2niix mai juya fayilolin na'ura, ko hannu?

Maryam:
Da hannuna na rubuta. Cibiyar da ta ɗauki hotunan ba ta ba ni DICOM, ainihin fayilolin da na'ura ta fitar, ba, waɗanda aka riga aka juya zuwa NIfTI kawai aka turo, sai takardar saitin na'ura. Takardar ta ce alkiblar fes, wato alkiblar da ake bin layukan hoto ɗaya bayan ɗaya, daga gaba zuwa baya ce, na kuma karanta cewa hakan j- ne, sai na sa j-. Tazarar eko milisakan 0.56, GRAPPA 2, wato ana tsallake layi ɗaya cikin biyu, layuka 96, girman boksal, wato ƙwayar hoto ɗaya, milimita 2.5. Na raba 0.56 gida biyu na sami 0.28, na ninka da 95 na sami 26.6. Don haka na rubuta 0.00028 da 0.0266.

Usman:
Na zaci kin manta da GRAPPA ne, don shi ya fi kama mutane. To lissafinki daidai yake. Bari in yi tunani.

Nura:
Ku yi haƙuri in katse ku, sabon shiga ne ni. Me ya sa hoton fMRI yake karkacewa tun farko? Hoton T1, mai nuna siffar ƙwaƙwalwa, na mutum ɗaya, a na'ura ɗaya, a rana ɗaya, yana fitowa sumul. Na yi ta ganin ana cewa a gyara, amma ban taɓa gane abin da ya lalace ba.

Dakta Aminu:
Nura, tambayarka ita ce ginshiƙin maganar, kuma amsar matsalar Maryam tana cikinta, don haka bari in ɗan tsawaita.

Na'urar MRI ba ta ganin wuri. Abin da take ji shi ne saurin juyawar furoton ɗin da ke cikin ruwan jiki. A kowace Tesla ɗaya furoton yana juyawa sau miliyan 42.58 a sakan, a Tesla 3 kusan miliyan 128 ke nan. Sai na'ura ta ƙara wa filin ɗan gangare da ta san girmansa, ta yadda na wannan gefe za su fi na wancan sauri, daga saurin ta gane inda sigina ya fito. Duk wannan ya rataya ne a kan zaton cewa babban filin ɗaya yake a ko'ina. Da zarar kan mutum ya shiga, zaton ya rushe. Iska da naman jiki ba sa amsa maganaɗisu iri ɗaya, bambancinsu ya kai kusan kashi 9 cikin miliyan, kuma kai cike yake da kogunan iska: na goshi, na bayan hanci, ramin kunne da ƙashin bayan kunne. Kashi ɗaya tak cikin miliyan a Tesla 3 ya kai Hz 128, wato juyi 128 a sakan. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne a sami filin ya kauce da Hz 100 zuwa 200 a bisa kwarmin ido da ƙasan ɓangarorin da ke gefen kunne.

To me ya sa T1 ya tsira? Shi layi ɗaya yake karantawa, ya sake tayar da furoton, ya karanta na gaba, kuskuren ba ya samun lokacin taruwa. fMRI kuwa yana son dukan kai cikin sakan ɗaya ko biyu, don haka yake amfani da EPI, dabarar da Peter Mansfield ya fito da ita a Nottingham a 1977. Tayarwa ɗaya, a karanta dukan yanka, a tafi a dawo kamar mai huɗa, kunya bayan kunya. A tsawon kunya ɗaya gudun yana da sauri, kaucewar ba ta kai a kula ba. Amma daga kunya zuwa kunya lokaci yana tafiya, furoton ɗin da ke wurin da fili ya kauce yana ta wuce 'yan'uwansa kamar agogo mai gaggawa. Wannan matsayi na hannun agogon shi muke kira fes. Na'ura ba ta san agogon ne ya yi gaggawa ba, sai ta ɗauka siginan daga wani wuri ya fito, ta ajiye shi can. Shi ya sa karkacewar kusan duk a alkibla ɗaya take, alkiblar fes.

Lissafin ba wuya: kaucewar fili a Hz, a ninka da tsawon lokacin karatu a sakan, ya ba ka yawan boksal ɗin da sigina ya gusa. Ɗauki na Maryam. Hz 150 sau 0.0266 ya ba da boksal 4, wato milimita 10. Santimita guda cur, a daidai wurin da take bincike.

Nura:
Allah ya ƙara ilimi Dakta. Ke nan taswirar fili ita ce ke auna Hz ɗin a kowane wuri?

Dakta Aminu:
Haka ne. Ana ɗaukar eko biyu, a duba nawa hannun agogon ya matsa tsakaninsu, a raba da tazarar lokacin. Peter Jezzard da Robert Balaban ne suka shimfiɗa wannan hanya ga EPI a 1995. Tazarar 2.46 da ka gani a lambobin Maryam an zaɓe ta ne don kitse da ruwa su dawo daidai da juna a Tesla 3, kada kitse ya rikita awon.

Maryam, koma kan alamar cutar. Kowane kuskure da irin tabonsa. In lokacin karatu ya yi yawa, misali an manta GRAPPA, gyaran zai tafi alkiblar da ta dace amma ya zarce, goshin ya fito ya wuce layin. In aka rikita Hz da radiyan a sakan, za a sami ninkin 6.28, ko dai gyaran ya zama kamar ba a yi ba, ko hoton ya yage gaba ɗaya. Naki ba ko ɗaya ba ne. Naki ya ƙara tafiya inda yake tafiya tun farko, milimita 10 ta zama 20. Alamar ƙari da ragi ce ta juye. Wurare biyu nake zargi: alkiblar fes, ko an musanya EchoTime1 da EchoTime2 a JSON ɗin taswira.

Malam Bashir:
Ni dai ra'ayina daban, kuma na san ba kowa zai so shi ba. Wannan shi ake kira garin neman gira a rasa ido. Shekaru muka yi muna aiki ba taswirar fili, muna daidaita hoto kan samfurin MNI, ƙwaƙwalwar misali da ake ɗora ta kowa a kai, mu shafe shi da milimita 8, wato mu cakuɗa siginan kowane boksal da na maƙwabtansa, sakamako yana fitowa, wasu kuma suna maimaita shi su samu. Yanzu ga ɗaliba ta ɓata kwana huɗu, da ba ta buɗe rahoton ba da ta wallafa hoton da ya fi na asali lalacewa ninki biyu. Hoton da ba a gyara ba kowa ya san aibinsa. Wanda aka gyara ba daidai ba kuwa yaudara yake yi, don an riga an rubuta a takarda cewa an gyara. Malama Maryam, ki cire taswirar ki ci gaba da aikinki.

Usman:
Malam, da girmamawa, daidaitawa kan MNI daga hoton T1 ake lissafa ta, sannan a ɗora wa EPI. T1 bai karkace irin ta EPI ba, to ta ina lissafin zai san goshin EPI ya lotsa? Tsakanin EPI da T1 juyawa da gusawa kawai ake yi, ba a lanƙwasa komai. Lotsawar tana nan za ta bi hoton har MNI.

Malam Bashir:
Ba dole sai ta T1 ba, Usman. Ana iya daidaita EPI kai tsaye kan samfurin EPI, a manhajar SPM an daɗe ana haka. Vince Calhoun da abokan aikinsa sun gwada hanyoyin biyu a 2017, suka ga in babu gyaran karkacewa, bi ta samfurin EPI ya fi haɗa kan mutane wuri ɗaya. Ba daga kaina na ƙirƙiro ba.

Dakta Aminu:
Malam Bashir yana da gaskiya a abu biyu, ba zan ɓoye ba. Gyara mai juyayyar alama ya fi rashin gyara muni, kuma in ba ka da taswira, bi ta samfurin EPI hanya ce mai hujja. Inda muka rabu shi ne a kan wannan binciken. Da a ɓangaren gani na bayan kai take aiki, ko ɓangaren motsa hannu a saman kai, inda fili bai cika kaucewa ba, da ban ja da kai sosai ba. Amma ita bisa kwarmin ido take. Kuma girman kogon goshi ya bambanta daga mutum zuwa mutum, na wani babba na wani kamar babu. Don haka wani ya gusa da milimita 4, wani da 12. Shafewa da milimita 8 tana sa su ɗan haɗu a tsakiya, amma ba ta mayar da sigina inda ya fito. Sannan samfurin EPI yana sa mutane su yi kama da juna ne, bai yi alkawarin cewa wurin da ka kira da suna shi ne ainihin wurin a jikin T1 na mutumin ba. Duk wanda zai zana yanki a T1, ko ya shimfiɗa sigina a fatar ƙwaƙwalwa da manhajar FreeSurfer, kuskuren milimita 3 ya isa ya kai shi bangon lanƙwasar ƙwaƙwalwa da ke fuskantar wanda yake nufi, tunda kaurin fatar ƙwaƙwalwar bai wuce milimita 2 zuwa 4 ba.

Abin da ya ceci Maryam shi ne ta buɗe rahoton ta duba da idonta. Ni abin da zan roƙa ke nan, a riƙa dubawa, ba a daina gyara ba.

Malam Bashir:
Mutum nawa ne ke buɗe rahoton mutum 200 ɗaya bayan ɗaya, Dakta? Wannan ita ce damuwata.

Dakta Aminu:
Kaɗan ne, kuma damuwar a kan hanya take. Amma wanda bai duba gyaran fili ba, ba zai duba daidaitawa kan MNI ba ma.

Usman:
Yaya Maryam, na gano wani abu. Ki buɗe hoton BOLD ɗaya da fslhd, umarnin da ke nuna bayanan kan fayil, ki nemi layin qform_yorient, ki faɗa mana abin da ya ce. Dalili: harafin j ba ya nufin gaba ko baya na kan mutum. Yana nufin layi na biyu na yadda aka jera lambobin a cikin fayil. dcm2niix yana jera su daga baya zuwa gaba, shi ya sa a wurinsa gaba-zuwa-baya yake zama j-. In da wata manhaja aka juya naki, tana iya jera su daga gaba zuwa baya, sai amsar ta koma j ba ragi. Manhajar kallon hoto ba za ta nuna miki ba, don tana karanta kan fayil ta miƙe miki hoton daidai.

Maryam:
Innalillahi. Ya ce Anterior-to-Posterior. Na duba mutum biyar, duk haka. Lokutan eko na taswira kuma daidai suke, 4.92 ne na farko. Bari in canja zuwa j in sake gudanar da mutum ɗaya.

Hajiya Rabi:
Kafin sakamakonki ya fito, bari in sa baki ta ɓangaren masu zama gaban na'ura, don shekara da shekaru nake wannan aikin. Ku masu nazari kuna karɓar fayil, ba ku ganin abin da ya faru a ɗaki. Taswirar fili tana aiki ne kawai in filin da aka auna shi ne filin da aka ɗauki BOLD a cikinsa. Kafin ɗauka na'ura tana yin shim, wato tana daidaita filin gwargwadon kan da ke ciki. In ta sake shim tsakanin taswira da BOLD, taswirar ta zama ta wani fili dabam. Mu abin da muke yi shi ne mu kwafi wurin yanka da akwatin shim daga BOLD zuwa taswira, mu kuma kasa kunne ko na'ura za ta sake yin ƙarar daidaitawa. In mutum ya matsa ƙwallon kira ya ce zai zaga, aka fito da shi aka mayar, to sabuwar taswira ake ɗauka, ko da lokaci ya ƙure. Ba kowa ke yi ba. Maryam 'yata, ki nemi takardar da ake rubuta abin da ya faru a kowane zama, ki ga ko akwai wanda aka fito da shi.

Ni kuma in da zaɓi, na fi son hotuna biyu masu kishiyar alkibla a kan taswirar eko biyu. Ita taswira minti ɗaya zuwa biyu take ci, in mutum ya haɗiye yawu da ƙarfi a tsakiya ta lalace, ba kuma za ka gani nan take ba. Su kuwa 'yan sakanni ne kowanne.

Nura:
Hajiya, yaya hotuna biyu karkatattu za su ba da miƙaƙƙe?

Hajiya Rabi:
In ka karanta layukan daga gaba zuwa baya wurin ya lotsa, in ka karanta daga baya zuwa gaba wurin nan zai miƙe, da girma ɗaya. Gaskiya tana tsakiya. Manhaja sai ta nemi filin da in aka gyara su biyun da shi za su zama abu ɗaya. Dakta zai fi ni sanin tarihin.

Dakta Aminu:
Chang da Fitzpatrick ne suka kawo tunanin a 1992, sannan Jesper Andersson da Stefan Skare da John Ashburner suka gina shi a 2003, wanda ya zama topup na manhajar FSL. Manhajar AFNI ma tana da nata. Na yarda da Hajiya galibi, da sharaɗi ɗaya: a ɗauki biyun da sifin-eko, salon ɗauka da ke hana kaucewar fili kashe sigina, ba da giradiyan-eko irin na BOLD ba. Lissafin yana zaton siginan da ke hoto na farko yana nan a na biyu, wurinsa kawai ya canja. A giradiyan-eko akwai siginan da ke mutuwa, kuma inda yake mutuwa yana canjawa da alkibla, sai zaton ya karye a daidai wuraren da aka fi buƙatarsa. Shi ya sa shirin Human Connectome Project ya yi amfani da sifin-eko.

Amma kada a raina taswirar eko biyu. Awo ne kai tsaye na filin, ba kintace ba. Rauninta biyu ne. Da tazarar 2.46, iyakar abin da take iya bambancewa kusan Hz 406 ne, duk abin da ya wuce 203 sama ko ƙasa sai hannun agogon ya zagayo, dole a warware naɗin da manhaja irin PRELUDE. Na biyu, bakin ƙwaƙwalwa cike yake da hayaniya, in ba a ɗan zaftare gefen abin rufewar, wato iyakar da aka zana wa ƙwaƙwalwa a hoton, ba, boksal ɗaya mara kyau zai ja gefen hoto ya yi ƙaho.

Wani abu kuma da nake yawan ji: wai maltiband yana rage karkacewa. Ba ya ragewa. Yanka da yawa yake ɗauka lokaci guda, amma karatun kowane yanka tsawonsa na nan. Dubi na shirin da na ambata: maltiband 8, TR, wato lokacin ɗaukar dukan kai sau ɗaya, sakan 0.72, boksal milimita 2, amma tazarar eko 0.58 da layuka 90, karatun ya kai kusan milisakan 52, ninki biyu na na Maryam. Abin da ke rage karkacewa shi ne tsallake layuka, GRAPPA ko SENSE, shi ma da kuɗinsa, don sigina yana raguwa a kan hayaniya.

Maryam:
Alhamdulillah! Na gudanar da mutum ɗaya da j, goshin ya fito ya zauna a kan layin, har ƙahonnin ramukan ruwan ƙwaƙwalwa na gaba sun dace da na T1. Na sa sauran cikin dare. Da safen nan na buɗe rahoto 34 ɗaya bayan ɗaya. 31 sun yi kyau. Uku kuwa zagayen farko na ɗaukar hoto ya gyaru, zagaye na uku da na huɗu ba su zauna daidai ba. Hajiya, na nemi takardar zaman, maganarki ce: su ukun an fito da su a tsakiya, ba a sake taswira ba. Usman, Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara basira.

Amma ga wata sabuwa. Ko a waɗanda suka gyaru, akwai wani duhu a can ƙasa, tsakiya, bisa hanci, kamar an gutsure. Siffar ta dawo amma wurin baƙi ne. Wane saiti zan ƙara don ya cike?

Dakta Aminu:
Babu, Maryam, kuma gara ki ji shi yanzu. Cuta biyu ce uwa ɗaya ta haifa. Karkacewa sigina ne da aka ajiye a gidan da ba nasa ba, yana nan, ana iya mayar da shi. Wannan duhun kuwa sigina ne da ya mutu kafin a karanta. A wurin, filin yana canjawa da sauri har a cikin boksal ɗaya, furoton na saman boksal da na ƙasansa agogonsu ya saɓa, kafin a kai lokacin eko, wajen milisakan 30 a Tesla 3, sun kashe juna. Ba a rubuta komai ba, don haka babu abin da manhaja za ta dawo da shi. Abin takaicin shi ne ba za mu iya kawar da wannan rauni gaba ɗaya ba, don da shi muke cin abinci. BOLD ɗin da Seiji Ogawa ya bayyana a 1990 shi kansa ƙaramar kaucewar fili ce da jinin da ya sauke iskar oksijin ke haifarwa a kewayen jijiyoyi. Hoton da ke jin wannan dole ya ji kogon hanci.

Akwai na uku a tsakani, ki kula da shi. Inda hoto ya lotsa, siginan boksal uku ko huɗu ya taru a ɗaya. Gyara zai shimfiɗa shi ya rage haskensa, siffa ta yi kyau, amma ba zai iya raba wanne ya fito daga ina ba. Wurin zai yi kama da mai boksal 2.5 alhali ainihin ƙarfin bambancewarsa ya fi haka kauri. Inda hoto ya miƙe ya fi sauƙin gyaruwa.

Abin da nake so ki yi: ki fitar da taswirar tSNR, mai nuna ƙarfin sigina a kan hayaniya a kowane boksal, ta kowa, ki ɗora yankin da kike bincike a kai, ki ƙirga kashi nawa na yankin ke da sigina a kowane mutum. Manhajoji da yawa suna jefar da boksal daga nazarin rukuni in mutum ɗaya ma ya rasa shi, ba tare da sun yi miki magana ba. In ba ki ga aiki a wurin ba, kada ki rubuta cewa wurin ba ya aiki. Ki rubuta cewa ba a auna shi ba, ki nuna hoton iyakar inda kika auna.

Malam Bashir:
Nan kam ba mu da saɓani ko kaɗan. Na sha duba takardun da suka ce ba su ga komai a amigdala, wani ƙaramin sashe can cikin ƙwaƙwalwa, ko bisa kwarmin ido ba, in ka nemi abin rufewar rukuninsu sai ka tarar wurin ba ya ciki ma.

Game da mutum ukun nan, me za ki yi? In kin ce za ki gyara su da wata hanya dabam, ki tabbata ba duk rukuni ɗaya suke ba. In marasa lafiya ne su ukun, sauran masu lafiya, kin shigo da bambancin da ba na ƙwaƙwalwa ba.

Maryam:
Rukuni ɗaya ne duka Malam, babu marasa lafiya. Ina tunanin gwada gyaran da ba ya buƙatar taswira a kan zagayen da abin ya shafa.

Usman:
Akwai shi a fMRIPrep, --use-syn-sdc. Yana lanƙwasa EPI zuwa siffar T1 na mutumin da manhajar ANTs, amma ya taƙaita lanƙwasar a alkiblar fes kawai. Ki lura shi ma a bakin ramin duhun nan yake rikicewa, don yana iya jan naman da ke kusa ya cusa a ramin don siffa ta cika. Shawarata, ki gwada shi a kan mutum biyar daga cikin 31 masu kyakkyawar taswira, ki kwatanta da gyaran gaskiya. In ya kusa, ki yi amfani da shi ga ukun. Sannan ki yi nazarin sau biyu, da su da kuma ba su.

Hajiya Rabi:
Tun ran gini ran zane. In za ku sake ɗaukar wasu, ku zo mu zauna kafin a kulle saiti. Don wannan wurin akwai abubuwan da ke taimakawa: a rage kaurin yanka, a karkata yankan kamar digiri 30 daga layin AC-PC, layin tsakiyar ƙwaƙwalwa da aka saba jera yanka a kansa, ko a ɗauki eko uku a kowace tayarwa, na farkon da wuri kafin sigina ya mutu, daga baya a haɗa su. A gwada alkiblar fes biyun a kan mutum ɗaya ko biyu a ga wacce ta fi barin sigina a wurin da kuke so. A kuma tallafe kai da kyau ta ƙarƙashin wuya da gefe, don ɗaga haɓa kaɗan yana canja filin kansa, taswirar da aka ɗauka da farko ta rage dacewa.

Dakta Aminu:
Wannan na ƙarshen shi ya sa Andersson da abokansa suka kawo dabarar da ke cikin Realign and Unwarp na SPM a 2001, tana kintata yadda karkacewa ke canjawa da motsin kai. Har numfashi yana taɓa filin, ƙirji na cika yana saki, sai kan ya yi kamar yana motsi a alkiblar fes alhali yana kwance. Ki duba jadawalin motsi na mutanenki, in kin ga ƙananan tudu masu maimaituwa duk sakan uku zuwa biyar a layin gaba da baya, shi ne.

Maryam:
Na gani a da yawansu, na ɗauka motsi ne na gaske, har na kusa cire mutum biyu saboda shi. Zan sake duba su. Na fitar da tSNR na mutum goma na farko: gefen waje na yankin yana da sigina a kowa, tsakiyar can ƙasa kuwa mutum huɗu ba su da komai. Zan raba yankin biyu, in yi nazari a kan na wajen, in bayyana na cikin yadda yake. Na kuma rubuta wa cibiyar ina roƙon DICOM ko na mutum ɗaya ne, don in juya da dcm2niix in kwatanta da abin da na rubuta da hannu. Usman, in sun turo zan sa JSON ɗin biyu a nan ka taya ni dubawa, musamman lokutan yanka, don su ma daga takarda na kwafe su.

Usman:
Turo su Yaya. Ki haɗa da abin da fslhd ya ce a kan qform_zorient, tunda wanda ya juya layi na biyu yana iya juya na uku.